Saba tana sumewa, memori kuma ya ragu

Ina da ɗan shagon koyar da kwamfuta a garin Makarfi, inda yara masu shirin jarrabawar JAMB ke zuwa gwaji, wasu daga Kudan da Hunkuyi, wasu har daga Ikara. Duk kwamfutocin suna ɗauko tambayoyi ne daga saba ɗaya mai Ubuntu, memorinta gigabayit 8. Tun da zafi ya kankama take sumewa ana tsakiyar gwaji. Wani abokina a Zariya ya sa mini kdump, ya ce shi zai kama abin da ke kashe ta. Sai na ga an zaftare mini rabin gigabayit, ni kuwa na rage abin zuwa megabayit 64. Da ta sake sumewa na duba /var/crash, wayam. Yanzu ya ce in rubuta mem=256M a GRUB don in taƙaita wa kanel na biyu memorin da zai taɓa. In yi? Iyayen yara sun fara ƙorafi.

Ɗan'uwanka a Makarfi

Malam, kada ka yi. Layin nan na GRUB na kanel na farko ne, wato wanda ke riƙe da sabar kullum. Idan ka sa masa mem=256M, duk gigabayit 8 ɗinka za su koma megabayit 256 a idonsa, yaran nan ko shafin farko ba lalle su iya buɗewa ba. Abokinka ya fahimci cewa akwai iyaka da ake yi wa kanel na biyu, kuma gaskiyarsa ne, amma ba kai ke yin ta da hannu ba.

Bari in yi maka bayanin dalili, don shi zai hana ka sake taɓa inda bai kamata ba. Kanel shi ne ke raba memori, ya yi magana da faifai da katin sadarwa. Ranar da ya rikice, ba a yarda ya rubuta komai a faifai, domin wanda ya ruɗe yana iya lalata fayilolin da ke lafiya. Saboda haka tun 2005, a Linux 2.6.13, aka shigo da dabarar kexec da kdump: tun wajen tashi ake killace wani yanki na memori, a ajiye wani kanel a ciki yana jira. Na farkon yana faɗuwa sai na'ura ta tsallaka kai tsaye zuwa na biyun, ba tare da ta bi ta BIOS ba, don kada abin da ke memori ya goge. Ka san idan aka yi sata a gona, ana hana mutane tattake wurin har mai bin sawu ya iso. To shi ma kanel na biyu haka ne: ya duba tsohon memori ta /proc/vmcore, ya kwafa, amma ba shi da izinin zama a ciki. Akwai wani dalili kuma da mutane ke mantawa. Katin sadarwa bai san kanel ya mutu ba, yana iya ci gaba da zuba bayanai a wuraren da aka ba shi tun farko, kuma yankin da aka killace ne kaɗai ba a taɓa ba shi ba.

Manhajar kexec ce ke miƙa wa kanel na biyu taswirar inda zai tsaya. A na'urori irin taka masu Intel ko AMD tana yin haka da kanta lokacin lodi. A masu ARM na bit 64 kuwa, waɗanda suka samu kdump a Linux 4.12 a 2017, ana rubuta iyakar a bayanin kayan na'ura da sunan linux,usable-memory-range. Ko ta wace hanya, naka aikin ɗaya ne: faɗin girman yankin, ta crashkernel=.

A nan ne aka samu matsala. Megabayit 64 sun ishi kanel na shekarun baya, amma na yau, da direbobinsa da ƙaramin tsarin da yake tashi da shi da manhajar makedumpfile mai kwashe bayanan, ba za su shiga ba. Mai yiwuwa ya tashi, memori ya ƙare masa, shi ma ya faɗi, shi ya sa ka tarar da wayam. Ka mayar da 512M a fayil ɗin kdump-tools.cfg da ke cikin /etc/default/grub.d, ka buga update-grub, ka sake tayar da na'ura. Ni a ganina rabin gigabayit cikin 8 ba asara ba ce ga sabar da tambayoyi kawai take rabawa, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba a kan yaro ya biya kuɗi gwajinsa ya katse. Sannan ka buga kdump-config show, ka tabbata ya ce a shirye yake, ka duba /sys/kernel/kexec_crash_loaded ka ga 1.

Kada ka tsaya nan. Ranar da babu ɗalibai, ka kashe ta da gangan da echo c > /proc/sysrq-trigger, kana matsayin root. Idan ta dawo ka tarar da sabuwar jaka a /var/crash mai fayil ɗin dmesg da na dump, aiki ya yi. Idan kana son ragewa, ka sauko kaɗan-kaɗan kana maimaita wannan gwajin, ba da ka ba.

Sai abin da ya fi damuna a wasiƙarka: ka ce tun da zafi ya kankama. Kdump yana aiki ne kawai idan kanel ya faɗi alhali na'ura tana da wuta. Idan wuta ce ta ɗauke, ko ta yi ƙasa lokacin da ake komawa janareta, ko na'ura ta kashe kanta don zafi, memori ya goge nan take, babu abin da za a kwafa ko da gigabayit 2 ka ware. Don haka ka lura da yadda take mutuwa. Fanka tana juyawa allo ya daskare, ko ɗif take yi? Ka buɗe ta ka hure ƙurar hunturu da ta taru a fanka, ka gwada batirin UPS ɗinka, ka bar memtest86+ ya kwana yana bincikar memorin, domin sandar memori mai lahani na daga cikin abubuwan da suka fi jawo irin wannan suma.

Idan ka samu fayilolin, dmesg kaɗai za ka tura wa abokinka, layukan ƙarshe su ne ke faɗin direban da ya faɗi. Fayil ɗin dump kuwa ka riƙe shi a hannunka. Ko da makedumpfile ta tace da -d 31, ana iya samun kalmomin sirri da guntayen bayanan ɗalibanka a ciki, kuma amanar iyayensu ce a wuyanka.