Macijin Tagulla a Sansaninmu

A cikin jeji Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera maciji na tagulla, domin wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Amma bayan ɗaruruwan shekaru, ga Isra'ilawa suna ƙona masa turare. Sai Sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Abin taimako ya zama abin tuntuɓe.

'Yan'uwa, mu ma muna da irinsa a sansanin matasanmu. Ga ɗakin kwana wanda gara ta cinye itatuwan rufinsa, amma mun ƙi rushe shi domin iyayenmu suka gina. Ran da ya faɗa a kan yara, wa zai amsa? Ga kuma wasanni da darussa waɗanda muke maimaitawa kowace shekara, yara suna gyangyaɗi, kaɗan ne ke komowa.

Kafin sansani mai zuwa, bari dattawa da matasa su zaga tare, suna tambaya a kan kowane abu: yana jawo yaro wurin Almasihu, ko kuwa sabo ne kaɗai? Mai amfani mu gyara shi. Wanda aikinsa ya ƙare, mu gode wa Allah dominsa, mu kawar da shi.