Amsoshin Tambayoyinku: Alewa Mai Launi Don Yaran Salla, a Zafin Tasawa

TAMBAYA: Ni uwar yara huɗu ce daga Tasawa. Ƙanwata da ke aure a Mayahi ta turo mini bidiyo a waya, na ga an soke wata alewa mai laushi kamar auduga a tsinke, ana tsoma ta cikin wani abu mai launi, ja da kore da rawaya, ana barbaɗa mata ado. Mashmalo suka ce sunanta. Ina son in yi wa yaran da ke zuwa mana barka da salla, ita kuma ƙanwar tawa tana son ta yi a bikin sunan da ke gabansu. Za ta yiwu a nan kuwa? Me zan saya? Kuma ya halatta a ci ta?

AMSA: Za ta yiwu, amma ba yadda kika gani a bidiyon ba, kuma ba a kowane wata ba. Masu wancan bidiyo a ɗaki mai sanyi suke aiki. Ke kuwa kin san Tasawa da Mayahi a watan Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 ko a inuwa. Abin da ke riƙe jikin mashmalo, wato jelatin, yana fara narkewa tun wajen digiri 35. Abu mai launin da ake tsoma ta ciki cakulan ne, shi ma bai kai nan ba yake sakin jiki. Sallolinmu kuma a shekarun nan cikin bazara suke faɗowa. A 2025 an yi Ƙaramar Salla a ƙarshen Maris, Layya a farkon Yuni. Yaro ya karɓi alewar da hantsi, ya sa a aljihun sabuwar riga ya tafi yawon salla, kafin azahar ta zama tsalala, ga kuka ga wanki. Saboda haka zan gaya miki yadda ake yin ta, in kuma gaya miki abin da nake ganin ya fi dacewa da garinmu.

Ita mashmalo ba wani abin mamaki ba ne a cikinta. Sukari ne da ruwa da jelatin, sai iskar da ake cusa mata wajen bugawa. A da can ma ba da jelatin ake yin ta ba. Masu alewa a Faransa, cikin ƙarni na 19, daga saiwar wani tsiro na fadama suke samun yauƙin da suke bugawa da farin ƙwai da sukari, kuma tsiron dangi ɗaya ne da kuɓewa da rama da yakuwarmu. Aikin yana da wahala, sai daga baya aka koma ga jelatin. Cikin shekarun 1950 wani Ba'amurke, Alex Doumak, ya fito da hanyar tura ta cikin bututu ana yankawa gunduwa-gunduwa, ta yi arha ta bazu duniya.

A nan tambayarki ta ƙarshe ta shigo, kuma ita ce ta fi nauyi. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake dafo shi, kuma kaso mai yawa na wanda ake amfani da shi a Turai daga fatar alade yake fitowa. Idan kika ga ledar mashmalo a kanti a Maraɗi ko Damagaram, ki juya bayanta ki karanta jerin kayan haɗi, ko ki ba ɗan makaranta ya karanta miki. In kika ga "gélatine de porc", na alade ne, ki mayar. In an rubuta "gélatine bovine" na shanu ne, sai ki duba ko akwai tambarin halal, domin saniyar ma sai an yanka ta yadda addini ya tanada. In kuma kalmar "gélatine" ce kawai tsura, ba a faɗi dabbar ba, ni dai barinta nake yi. Malamai sun yi saɓani a kan jelatin, wasu na ganin sarrafawar da ya sha ta canza shi daga asalinsa, wasu ba su yarda da hakan ba. Ba ni da hurumin yanke wannan hukunci, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Sai dai ki tuna 'ya'yan mutane za ki ba, iyayensu kuma ba su ga ledar ba. Abin da babu shakka a kansa shi ya kamata ya fita daga hannunki zuwa bakin ɗan maƙwabta.

To, a ce kin samu garin jelatin na shanu mai tambarin halal, a manyan kantuna ko wajen masu sayar da kayan kek. Ki auni giram 20, wato babban cokali biyu da ɗan ɗoriya, ki barbaɗa a kan rabin kofi na ruwan sanyi cikin kwano mai zurfi, ki bar shi ya kumbura minti goma. Kofin da nake nufi shi ne mai cin rubu'in lita. A tukunya kuma ki zuba sukari kofi biyu, giram 400 ke nan, da ruwa rabin kofi, da ruwan lemun tsami rabin ƙaramin cokali. Lemun shi ke hana sukarin komawa tsaki-tsaki bayan ya huce. Ki juya har ya narke, daga nan ki cire cokali, kada ki sake taɓa shi.

Sanin lokacin sauke wannan ruwan sukari shi ne dukkan aikin. Masu ma'aunin zafi suna jiran digiri 115. Ke ki ajiye kofin ruwan randa kusa da murhu. Idan kumfar tafasar ta fara nauyi, tana tashi a hankali, ki ɗiga kaɗan cikin ruwan, ki sa yatsu biyu ki tattaro. In ya baje ya ɓace, da saura. In ya tattaru ya zama ɗan curi mai laushi da ke lotsewa tsakanin yatsunki, ki sauke nan take. In ya yi tauri har yana ƙara a gindin kofi, ya wuce, sai ki ƙara ruwa kaɗan ki sake jira. Gawayi ya fi itace a wannan aiki, domin harshen wuta yana ƙona gefen tukunya ya sa alewar ta yi ja da ɗaci. Ki kori yara daga wurin, ƙunar ruwan sukari ta fi ta tafasasshen ruwa muni, tana manne wa fata.

Ki riƙa tsiyaya shi siriri a kan jelatin kina bugawa. Da injin kaɗa ƙwai minti goma zuwa sha biyu ya isa. Da hannu kuwa sai ku biyu kuna karɓa-karɓa, kuma zai kai rabin awa. Za ki ga ya tashi daga ruwa-ruwa ya yi fari ƙal, ya ninka girmansa kusan sau uku, in kin ɗaga abin bugun ya sauko da nauyi. Ki juye a faranti da kika shafa wa mai kaɗan, ki barbaɗe samansa da haɗin garin Maïzena da sukarin da kika daka kika tankaɗe, rabi da rabi. Ki rufe da ƙyalle mai tsabta ya kwana. Da safe ki shafa wa wuƙa mai ki yanka, ki mirgina kowane yanki cikin garin nan don kada su manne. Abu ɗaya da zan ja miki kunne: kada ki ce za ki ƙara ɗanyar citta ko ruwan abarba ko gwanda don ƙamshi. Akwai sinadari a cikinsu da ke cinye jelatin, ko kwana nawa ya yi ba zai daskare ba. Ɗigon banila ya wadatar.

Wannan aikin na hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare ke da sanyi iska kuma a bushe. Da damina laima kan sa ta yi gumi tana danƙo. Tunda salla tana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, nan da 'yan shekaru Ƙaramar Salla za ta shigo cikin sanyi, sai ki yi ta hankali kwance. In sunan ƙanwarki ya faɗo a watannin nan, to ita ta dace.

Mu zo ga launi, don na san shi ne ya ja hankalinki, shi ne kuma yara ke rububi. Ba sai kin narka cakulan ba. Rinannen sukari ya fi shi sauƙi, ya fi arha, kuma zafi ba ya taɓa shi. Ki ɗebi busasshen soɓo cikin tafin hannu, ki dafa da ruwa kaɗan har ya yi kauri ya yi ja wur, ki tace. Ki zuba sukari kofi ɗaya a leda mai tsabta, ki ɗiga ruwan soɓon 'yan ɗigo, ki ɗaure ki murtsuke har launin ya game. Ki shanya a faranti cikin inuwa, ki rufe da mayani saboda ƙuda da ƙura, ki ɗora farantin inda kiyashi ba zai kai ba. In ya bushe ki marmashe. Ruwan hoda mai kyau zai ba ki, da ɗan tsami-tsamin da yara ke so. Rawaya kuma garin kurkum ne, ɗan bakin cokali kawai, in ya yi yawa ɗaci zai fito. Garin zogale yana ba da kore, amma koren ba ya haske kuma ƙamshin ganye na tashi, yara da yawa sukan ture shi. In kore shar kike so, ko shuɗi, sai dai kalar kanti.

Kalar kanti ba laifi in ta abinci ce, mai kwalba ko fakiti da rubutu da ranar lalacewa. Abin da nake tsoro shi ne garin kala da ake ƙullawa a 'yar leda ba suna ba komai, wanda ba ki san ko na abinci ne ko na rinin tufafi da kaba ba ne. Wannan kada ya shiga madafinki ko da kyauta aka ba ki. Ta abincin ma a yi ta da ɗigo. Tun 2010 ƙasashen Tarayyar Turai suka tilasta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da wasu kaloli shida, cikinsu har da E102 mai rawaya da E129 mai ja, cewa suna iya shafar natsuwar yara.

Yadda sukarin zai kama jikin alewar kuwa, maganin yana kasuwarku: ƙaro. Ki zaɓi fari mai tsabta, ki jiƙa babban cokali ɗaya cikin cokali uku na ruwan ɗumi ya kwana, ki tace da ƙyalle. Ki shafa shi sama-sama a jikin alewar, ki mirgina ta cikin rinannen sukari, ki jera ta sha iska awa ɗaya. Manyan masana'antun alewa na duniya ma da wannan ƙaro na ƙasashen Sahel suke irin wannan aiki, shi ne suke rubutawa E414 a bayan leda.

Idan kin nace sai cakulan, ki sa shi a kwano ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba, kuma kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki, nan take zai dunƙule. Ki tabbata kina da firji, ki kuma raba a ci a zaune cikin gida.

Ga salla ta bazara kuwa, ni da alewar madara zan yi duk wannan ado. Ba ta buƙatar jelatin balle a yi zancen halal ko haram, kayanta suna kowane shago a Tasawa da Mayahi, ba ta narkewa a aljihu, kuma ba na jin akwai yaron da ya taɓa mayar da ita. Sukari kofi ɗaya, ruwa rabin kofi, ki dafa har ya fara danƙo tsakanin yatsu, ki sauke, ki riƙa zuba madarar gari kina tuƙawa, wajen kofi uku, har ta haɗe ta saki tukunya. Tun da ɗuminta ki raba ta kashi uku ko huɗu, ki shafa mai a tafin hannu ki mulmula ƙanana-ƙanana, ki mirgina kowane kashi cikin launinsa. Soɓo a waje za ki sa shi, cikin sukarin ado, domin tsaminsa na iya tsinka madara in ya yi yawa a ciki. Kuma ba dole ado ya zama sukari ba. Soyayyen riɗi, dakakkiyar gyaɗa, garin aya, gurzajjiyar kwakwa, duk suna kama jikinta. Ƙanwarki da ke Mayahi, bakin Gulbin Kaba, ta gwada garin goriba da aka tankaɗe da kyau, yana ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi mai daɗi. Faranti ɗaya mai ruwan hoda da rawaya da fari da ruwan goriba, a jera shi kusa da alkaki da kantu ranar suna, mata za su tambayi wadda ta yi.

Batun tsinke, in za ki soke, ki gutsure kaifin tsinken tsire tukuna, ko ki yi amfani da bututun shan lemo da kika yanka biyu. Yara kan yi gudu da abu a baki. Mashmalo kuma kada a ba yaron da bai kai shekara huɗu ba, domin laushinta da danƙonta na sa ta toshe maƙogwaro, kuma fitar da ita yana da wuya. Ga ƙanana ki marmasa musu alewar madara a hannu. Ki yi aikin ana gobe salla, ki zuba a mazubi mai murfi da takarda tsakanin jeri da jeri, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ta madara takan yi kwana huɗu ko biyar lafiya in hannu mai jiƙa bai shiga ba. Mashmalon gida kuwa ki ƙarar da ita cikin kwana uku, bayan haka bayanta ke fara tauri.