Kada Ka Buɗe Wa Kowa Wayarka Sai Wanda Aka Tantance

Jama'ar Batsari da Safana, mun san darajar waya. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu biyu, saboda 'yan bindiga. Wata da watanni sai mutum ya yi doguwar tafiya kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. A farkon 2023 kuma, da takardun kuɗi suka yi wuya, ciniki ya koma ta tiransifa da POS. Yau kuɗin mutum da asirinsa suna cikin wayarsa, shi ya sa ɓarayi ma suka bi su can.

Tsaro iri biyu ne

Wani mai gadi sunayen ɓarayi aka ba shi, duk wanda ba ya ciki sai ya wuce. Wani kuwa sunayen mutanen gida aka ba shi, duk wanda ba ya ciki sai ya tsaya waje. Na farko, sabon ɓarawo yakan wuce shi, domin bai san fuskarsa ba. Masana tsaron kwamfuta sun fi amincewa da na biyu, tun da kullum ana ƙirƙiro sababbin miyagun manhajoji, ba mai iya ƙidaya su.

Yadda ake shigo mana

Yawanci da hannunmu muke buɗewa. Wani ya tura maka manhaja ta Xender, ko ka ba mai caji wayarka ka ce ya cika ta da manhajoji, ko ka sa GB WhatsApp wadda ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba. Irin wannan manhaja in ka yarje mata, tana iya karanta saƙonninka, har da lambar da banki ke turowa. Wasu manhajojin bashi sukan kwashe lambobin dangi su riƙa tozarta wanda ya ci bashin. Saboda haka a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa masu ba da bashi ta waya yin rajista, tana kuma fitar da sunayen waɗanda ta amince da su.

Abin da ya kamata a yi

1. A ɗauko manhaja daga Play Store kaɗai, a duba sunan kamfanin da ya yi ta.
2. A rufe izinin sa manhaja daga wata hanya, a bar Play Protect, mai bincika manhajojin wayar, a kunne.
3. Manhajar banki, a tambayi bankin ko wacce ce tasa.
4. Manhajar tocila ba ruwanta da lambobinka ko hotunanka. In ta nema, a hana ta.
5. A WhatsApp, a saita cewa waɗanda kake da lambarsu ne kaɗai za su sa ka a guruf.
6. Lambar sirri ta katin banki ba a gaya wa kowa, ko da ya ce daga banki yake.

Masu shagon caji da masu POS, amana ce a hannunku. Kada ku sa wa mutum abin da bai nema ba. Matasa kuma, ku zauna da iyayenku da ba su yi boko ba, ku duba musu wayoyinsu, ku goge duk manhajar da ba a san asalinta ba. Allah Ya kare mu da dukiyarmu.