Kafin ka kai yaro makarantar horon soja

Iyaye na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, in an tallata muku makarantar kuɗi mai horon soja, kada kaki da fareti su ruɗe ku. Makarantar horon soja ta Prytanée da ke Yamai ta gwamnati ce, da jarrabawa ake shigarta. Haka ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, tana hannun rundunar sojan Najeriya. Ta 'yan kasuwa kuwa sai an bincika.

Ku nemi ganin takardar izinin gwamnati. Ku tambayi sunayen amintattun makarantar, da wanda ke riƙe da kuɗi. Abin da ya fi damuna shi ne horo: in aka doki yaro har ya ji rauni, wa zai tsawata wa shugaban makarantar? In amintattun duk 'yan gidansa ne, kuma iyaye ba su da kujera a kwamitin, ku riƙe ɗanku.