Saurayina ya canki amsar kacici-kacicin masu kisa

Tambaya: An turo mini kacici-kacici a WhatsApp. Wata ta ga wani saurayi a zaman makokin mahaifiyarta, ya kwanta mata a rai, daga baya ta kashe yayarta. Me ya sa? Wai duk wanda ya ce don saurayin ya sake zuwa ta'aziyya ne, zuciyar makashi gare shi. Wanda zan aura ya canka nan take. In fasa? Daga wata 'yar'uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Wasa ƙwaƙwalwa ne kawai, kuma ya daɗe yana yawo. Wataƙila ma angon naki ya taɓa jin sa a majalisar mai shayi. Masani Kevin Dutton, a littafinsa na 2012, ya ce ya gwada shi a kan masu irin wannan zuciya na gaske, babu wanda ya ba da waccan amsar. Yawancinsu kishi suka ambata.

Ma'aunin da ƙwararru ke amfani da shi wajen gano irin waɗannan mutane, wanda Robert Hare ɗan Kanada ya fitar a 1991, siffofi 20 yake dubawa, jimillar maki 40, bayan doguwar hira da bin tarihin mutum.

Ke dai duba halinsa. In an kama shi da ƙarya, kunya yake ji ko murmushi? Yaya yake yi wa ɗan sahu in sun saɓa kan canji a kasuwar Terminus? Ki sa kawunki ya bincika a unguwarsu. In kuwa yana dukanki ko tsoratar da ke, sanar da iyayenki yau, sannan ki nemi shawarar likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin JUTH, Lamingo.