Shin Wuta Tana da Rai?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa yana tambaya: tunda wuta tana ci, tana girma, tana kuma buƙatar iska, me ya sa ba a sa ta cikin masu rai?

Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Duk abu mai rai, jikinsa an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma yana haifar irinsa ya gadar masa da kamanninsa. Wuta ba ta da ƙwayoyin halitta, ba ta gadar da komai.

Dubi ƙwayar gero a rumbu kuwa. Ba ta motsi, amma tana da rai, tana numfashi a hankali. Damina na sauka a shuka ta, sai ta tsiro, ta fitar da zangarniya irin wadda ta fito daga ciki.