TUMUKU: ABINCI A GEFEN GONAR AUDUGA

Ya kai manomi, ka sani auduga ba a cin ta, kuɗinta kuma ba ya zuwa hannu sai an tsince, an kai sikeli. Kafin nan dole gida ya ci abinci. Saboda haka darasinmu na yau a kan tumuku ne, wanda kakanninmu suka noma, amma yau samari da yawa ba su san ko ganyensa ba. Har yanzu ana noma shi sosai a arewacin Gana, da Burkina Faso inda a ke ce masa fabirama.

1. Yadda za ka gane shi

Tumuku ɗan'uwan na'ana'a ne da ɗaɗɗoya. Murza karansa tsakanin yatsunka, za ka ji yana da kusurwa huɗu. Ganyensa mai kauri ne, yana fitowa biyu biyu suna fuskantar juna, bakinsa kamar haƙoran zarto. In ka murtsuke shi, sai ka ji ƙanshi. Furensa ƙanana ne, shuɗi-shuɗi. 'Ya'yansa suna taruwa a gindi cikin ƙasa, kowane kamar ƙwan tattabara. Kada ka haɗa shi da rizga. Ita rizga ta fi tsawo, furenta rawaya ne, 'ya'yanta kuwa dogaye kamar yatsu.

2. Wurin da ya ke so

Yana son ƙasa mai sauƙi, watau jigawa mai taki. Ba ya son wurin da ruwa ke kwanciya, sai ya ruɓe. Ya fi yin kyau inda ruwan shekara ya kai milimita 1000, kamar ƙasar Garwa da kudu da ita. Kada ka dasa shi inda aka yi tumatir ko kuɓewa bara, domin akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, mai sa saiwa ƙulli, tana kama su duka.

3. Shuka

Fara gama shukar audugarka tukuna, ita ce ba ta jira. Sa'an nan ka tada kunya, tsakanin kunya da kunya santimita 90. Ka sa irin da ya tsiro, tsakaninsu santimita 20 ko 30. In iri bai ishe ka ba, bari ya yi ganye, ka yanki rassa masu tsawon taƙi guda, ka dasa bayan ruwa. Za su kama. Ka yi noma da wuri, ka tara masa ƙasa a gindi, nan ne ya ke zuba 'ya'ya.

4. Gargaɗi biyu

Takin zamanin da ka karɓa bashi na auduga ne. In ka raba shi, auduga ta ragu, bashin kuwa bai ragu ba. Tumuku takin shanu da toka sun ishe shi.

Na biyu ya fi girma. Maganin feshin auduga guba ne. Kada ka dasa tumuku cikin auduga ko dab da ita, kada ka fesa masa, kada kuma ka ajiye iri ko abinci cikin galan ɗin magani. Abin da yaranka za su ci ne.

5. Tono da ajiya

Bayan wata biyar ko shida, in ya yi fure ganye ya soma bushewa, ya nuna ke nan. Tona a hankali, wanda fartanya ta sara a fara cinye shi. Ana dafa shi, ana gasawa, ana sa shi a miya. Zaɓi lafiyayyu ka binne cikin busasshen rairayi a inuwa, su ne irin baɗi.

To, bana ka gwada ko da kunya goma. Wanda ke da iri ya sam ma maƙwabcinsa. In ka ga wani abin da ba ka gane ba, tambayi malamin gonarku ran da ya zo zagaye.